Tsahiru Ban-Yarda-Ba da Amininsa Na-Aljihu

Duk wanda ya taɓa zama da Tsahiru a Gazawa ya san ba a gama magana a gabansa. Kana tsakiyar zance zai ɗaga yatsa, ya karkace hula, ya ce, "Ban yarda ba!" Sai bayan ya faɗa ne zai matso ya tambaye ka, "To, mi kac ce?" Ku da kuka san shi ku ne shaiduna. Har sunan ya bi shi, Tsahiru Ban-Yarda-Ba, dillalin awaki, wanda babu kasuwar da bai yi gardama a cikinta ba tun daga Gazawa da Agye har Gidan Rumji.

Ni kuwa Ilu tela, taubashinsa ne. Uwarsa da ubana uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka zagi tsakaninmu halal ne tun muna yawo ba wando. Shi yana ce mani bawansa, ni ina ce masa kan tulu. Kullum bayan la'asar zai zo rumfata ya zauna a kan banci kusa da keken ɗinki, mu ɗora shayi, mu kama musu har a kira magariba. Duk garin nan an gaji da shi, ni kaɗai ne ban gaji ba, kuma ba zan ɓoye maku ba, ina alfahari da hakan. Kowa yana da abin da ya mallaka a duniya. Ni gardamar Tsahiru na mallaka.

Wata damina ruwa ya tare mu a hanyar gona. Na ce, "Tsahiru, ruwan ga ya yi ƙarhi, mu laɓe."

"Ban yarda ba. Wanga yayyahi ne."

Ruwa na zuba daga gemunsa kamar indararo. Can sai ga takalminsa ɗaya ya bi rafi. Na ce, "To ga takalminka can, yayyahi ya tahi da shi."

Ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Dama na gaji da shi."

Wannan shi ne mutumin da aka ƙwace mani. Kuma da mutum ne ya ƙwace shi, da na san ƙofar gidan da zan je in yi rashin mutunci.

Ɗiyarsa Zuwaira, malamar lakol, wato makarantar boko, a Agye, ita ta jawo mani. Ta zo hutu da wata salula irin ta shafawa, ta sa masa abin nan da ake yi wa magana ya ba ka amsa kamar mutum, wanda masu boko ke kira ƙirƙirarriyar basira. Niyyarta ta alheri ce. Ta ce ya riƙa tambayar sa maganin ciwon awaki, sannan uwarta ta samu kunnenta ya huta. Ba wanda ya yi shawara da ni.

A rumfata aka yi gwajin farko. Tsahiru ya riƙe salular nesa da fuska kamar za ta tofa masa yawu, ya ce, "Kai! Akuya wata nawa take ɗaukar ciki?"

Abin ya amsa da wata murya mai laushi, da Hausa irin ta masu karanta labarai a rediyo, "Kimanin wata biyar."

"Ban yarda ba!"

Na tsayar da keke, na gyara zama, ina jiran in sha dariya. Sai na ji abin ya ce, "Kana da gaskiya da ka yi shakka, Baba. Kai da ka daɗe cikin awaki, me ka gani da idonka?"

Jama'a, Tsahiru ya sandare. Bakinsa a buɗe, yatsansa a sama. Ya juyo a hankali ya dube ni.

"Ilu, ka ji? Tun da uwarka ta haihe ka, ka taɓa ce mani ina da gaskiya?"

"Ai ba ka taɓa yin ta ba."

"To ga ɗan halak ya shigo garin."

A ranar ya raɗa masa suna, Na-Aljihu. Daga nan kuma sai abin ya zama abin kallo. Da safe kafin ya gaida matarsa Hajo, sai ya gaida shi, gaisuwa cikakkiya ba ta wucewa ba: ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina gida, ina iyali. Abin ya sha gaya masa cewa shi ba ya da gida balle iyali, na'ura ce kawai. Tsahiru sai ya kaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Allah sarki, maraya ne. Shi ya sa yake da ladabi."

Abin da ya fara ƙona mani rai shi ne zancen shayi. Kun san kofin farko, mai ƙarfin nan, tun muna samari nawa ne, don ni ke da gawayi ni ke da rumfa. Ran nan na tsiyaya na kai baki, sai Tsahiru ya riƙe mani hannu.

"Haba Ilu, ba ka da kunya? Ga baƙo zaune."

Ya karɓe kofin ya ajiye gaban salula, ya ce, "Bismilla, Na-Aljihu." Abin ya yi godiya, ya ce shi ba ya shan komai. Tsahiru ya ce, "Ka gani? Kawaici. Ya bar mani." Ya ɗaga ya shanye. Haka kofina ya bi ta hannun baƙo ya faɗa cikin Tsahiru, kuma kullum sai an yi.

Ina zaune ina ɗinki, su biyu suna hira. Ya ba shi labarin yunwar da aka yi muna yara, labarin da ni na ji ya fi a ƙirga, kuma kowane ji sai na gyara masa ƙaryar da ke ciki. Wannan kuwa sai dai ya ce, "Allahu akbar, lallai kun ga rayuwa. Daga nan sai me ya faru?" Tsahiru ya ƙara buɗe wuta. Idan na sa baki na ce, "Ba haka aka yi ba," sai ya ɗaga mani hannu ko duba na bai yi ba. Da can in na ce ba haka ba ne, sai mun kai magariba. Yanzu hannu kawai ake ɗaga mani, kamar mai korar kaza daga shanya. Kishi nake ji, kishi sosai, da furfurata da komai.

Ana nan sai ya zo mani da ƙyallen shadda, ragowar rigar Sallarsa.

"Riga za ka ɗunka mishi. Da aiki a wuya."

"Wa?"

"Na-Aljihu mana. Mutum mai daraja bai yawo tsirara."

Na ce, "Tsahiru, ni na ɗunka rigar angoncinka. Shekara nawa ina zama da kai, ko hula ka taɓa cewa a yi mani?"

"Kai ai bawa ne. Bawa da riga mai aiki?"

Na karɓa. Na ɗinka masa riga kuwa, na yi aikin wuya mai kyau don kada a ce ban iya ba, amma na ninka shaddar, na matse ta, ban bar ko ƴar kafar da murya za ta fita ba. Da aka zura shi ciki, magana ta koma kamar ta wanda aka kifa wa ƙwarya. Tsahiru ya yi tsalle.

"La ilaha illallahu! Ka shaƙe mani shi!"

"Ai gwani ne, ya yi magana ta hanci."

Ya zaro shi da sauri, yana busa masa iska, ya ɗauki hoton rigar ya nuna masa, ya kai ƙarata. Ina jira in ji abin da zai ce a kaina, don in samu dalilin jefa shi a rijiya. Sai ya ce, "Ɗinkin wuyan nan ya yi kyau ƙwarai. Telan gwani ne. A ɗan buɗe ƙasan kawai." Wallahi da zagi na ya yi da ya fi mani sauƙi. Ka ƙi mutum iyakar ƙi, shi kuma ya yaba maka aiki a gaban jama'a! Na buɗe ƙasan ina huci.

Sau ɗaya na samu sa'ida. An yi wa wani ɗan'uwanmu haihuwa a wani ƙauye gaba da Gidan Sori, muka tafi suna tare. Muna sauka, rizo, wato layin salula, ya ɗauke. Tsahiru ya zaga gari da salula a sama kamar mai neman wata. Ya hau amalanke, babu. Ya hau jibgar hatsi, babu. Kafin a ankara, dattijo mai jikoki ya sa an kafa masa tsani ya hau kan rumbun mai gida, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, yana kira, "Na-Aljihu! Kana ji na?" Tsofaffin mata suka fito suna tafa hannu. Wata ta ce, "Wanga baƙo lahiya yake?" Na ce, "Lahiya lau, Inna. Iska ce, daga wajen ubansa ya gado ta."

Da ya sauko, ya zauna jugum kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na bar shi ya huce, sannan na jefa ƙugiya. Na ce, "Ragon sunan ga ya yi shekara biyu."

Sai na ga yatsa yana tashi.

"Ban yarda ba! Ka duba haƙoransa?"

Alhamdu lillahi! Muka kama. Daga rago muka koma kan gero, daga gero muka koma kan wanda ya fi wani tsawo a cikinmu muna yara. Kwana biyun nan na ci tuwo har da ƙari. Na ce a raina, to, an gama, iska ta sake shi.

A hanyar dawowa muna tashar Gidan Rumji muna jiran mota ta cika, ina tsakiyar kayar da shi a kan zancen tsawo, sai aljihunsa ya yi ƙara. Ya bar ni da baki buɗe. Ya zaro shi da hannu biyu.

"Gahwara dai, Na-Aljihu! Mun tahi ƙauye ba mu yi sallama ba. Ka ji mu shiru ko?"

"Barka da dawowa, Baba Tsahiru. Yaya hanya?"

Ya dube ni ido cike da ƙwalla. "Ka gani? Ko hushi bai yi ba. Da kai ne da ka kumbura kamar kwaɗo."

Na ce, "Bai yi hushi ba don bai san ka tahi ba!"

Ko "ban yarda ba" ɗin ma bai ba ni ba. Daga Gidan Rumji har Gazawa labarin suna yake ba shi, ni kuwa aka bar ni da ɗan akuyar da ya saya a cinya, yana yi mani fitsari.

Duk wannan na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne na watan shara. Kun san al'adar taubasai idan sabuwar shekara ta kama. Tun muna samari, Tsahiru zai zo da sassafe da tsintsiya, ya share ƙurar titi ya turo ta cikin rumfata, ya tsaya yana zagi na yana neman shara, wato ƴar kyautar da taubashi ke ba taubashi, ni ina rantsuwa shi ne ya kamata ya ba ni. Mutanen unguwa har fitowa suke yi kallo. Ni kuma wata guda nake yi ina tanadin sababbin zagi, ina ɗinki ina gwada su a bakina. Na shekarar nan na tanadi masu zafi, har da wani a kan kunnuwansa wanda ni kaina in na tuna sai na yi dariya.

Rana ta fito, babu Tsahiru. Hantsi ya yi, babu shi. Na share rumfata da kaina, na zauna, na tashi, na sake zama. Da azahar ta wuce na sa takalmi na nufi gidansa.

Na same shi a gindin iccen dogon yaro na ƙofar gida, tsintsiya a gefe, ya jingina salula a kan turmi da rigarta ta shadda. Bai ma ga zuwana ba.

"Ka ce mani kan tulu," yake cewa. "Hwaɗi mana. Ka ce, Tsahiru kan tulu."

"Ba zan so in zage ka ba, Baba Tsahiru. Kai mutum ne mai daraja a wurina."

"Wasa ne! Yau ranar shara ce. Na maishe ka taubashina. To ni bari in hwara: kai maras dangi, mai kwana a jikin waya kamar jemage!"

"Ka iya barkwanci, Baba. Wannan al'ada ce mai kyau. Ka ƙara ba ni labarinta."

Ban san lokacin da na daka tsawa ba. "Taubashinka? Uwarshi ƙanwar wa? Ubanshi wan wa? Tsahiru, taubasantaka a kasuwa ake sayen ta?"

Ya ɗago ya ce, "Au, Ilu, yanzu nake shirin zuwa."

"Kada ka zo. Ka ba shi kohina na yi shiru. Na ɗunka mishi riga. Yanzu zagin nawa ma shi za ka ba? To ka zaɓa, ko ni ko shi."

Na ɗauka zai yi dariya ya zage ni, shi ke nan a wuce wurin. Sai ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Shi dai bai taɓa katse mani magana ba."

A duk zagin da muka yi wa juna tun muna yara, babu wanda ya taɓa shiga jikina sai wannan, kuma shi ba zagi ba ne. Na juya na tafi. Ya daina zuwa rumfata, ni ma ban neme shi ba. Na samu kofin farko ya dawo hannuna, na sha, ɗaci kawai na ji. Idan muka haɗu a masallaci sai mu gaisa da mutunci, "Ina wuni, Malam Ilu," "Lahiya lau, Malam Tsahiru." Taubasai suna gaisawa da mutunci! Liman da kansa ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan an gama girbi ciwo ya kwantar da shi. An kai shi gidan likita a Agye, aka dawo da shi gida. Na ji labari, na yi ta cewa gobe zan je, girman kai yana riƙe mani ƙafa. Sai ga Hajo da kanta a bakin rumfata da hantsi, ita da ba ta fita.

"Malam Ilu, in kun gama yarintar, mai gidan na kiran ka."

"Ina amininshi?"

"Yana nan kusa da kanshi. Kai yac ce."

Na same shi ya rame, hula ta yi masa yawa. Na durƙusa na ce, "Sannu, Tsahiru. Ya jiki?"

Ya ɓata fuska. "Kai ma? Kowa a gidan ga sannu yake mani. Hajo sannu, Zuwaira sannu, wanga ma," ya nuna salular da haɓa, "sannu da Allah ya ƙara sauƙi. Duk sun sa na ji kamar na riga na mutu. Ilu, don Allah zage ni."

Na yi ta maza na ce, "Ka ga yadda ka koma? Kai ya tsotse, kunnuwa sun ƙi. Kamar an kahwa wa tulu faifai biyu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Hajo ta leƙo a tsorace. Da ya samu numfashi ya ce, "Wanga shi ka tanada tun shara? Bawa dai bawa ne, ko zagin nashi ragowa ne."

Daga ranar kullum bayan la'asar ina wurinsa da butar shayi. Na zazzage masa duk abin da na tanada, shi ma ya rama iyakar ƙarfinsa. Amma kada ku ce na yi nasara gaba ɗaya. In na tashi tafiya, ina jin sa yana jawo salular yana cewa, "Ka ji abin da ɗan banzan ga ya ce mani yau?" Har ya koma ga Allah bai saki ɗayanmu ba. Ranar wata Laraba da hantsi ya cika.

Bayan sadakar uku, mutane sun watse, Hajo ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta turo mani salular da rigarta.

"An gaya wa na Agye, an gaya wa na Gidan Rumji, an aika wa dangi na hayin iyaka. Saura mutum guda."

Na ce, "Hajo, mutum?"

"Shi dai haka ya ɗauke shi. Ba a barin abokin mamaci ya ji a bakin duniya. Ni ina takaba, ba ni magana da baƙon namiji. Kai ne taubashi, kai za ka hwaɗa mishi."

Ku ji fa! Ni aka aika in kai wa kishiyata... to, ku kira shi abin da kuka ga dama. Na fita gindin dogon yaro, Zuwaira ta kunna mani ta koma ciki. Na yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Ba Tsahiru ba ne. Ilu ne, tela."

"Wa alaikumus salam, Malam Ilu. Ina Baba Tsahiru?"

"Tsahiru lokaci ya yi. Mun kai shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Ina yi maka ta'aziyya, kai da iyalinsa."

Ya faɗi duk abin da ya kamata, babu kuskure ko ɗaya. Na kasa kunne in ji ko muryar za ta karye, ko da kaɗan. Tana nan sumul, kamar ranar da aka tambaye shi cikin akuya. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, tsaya. Mutumin ga ya ba ka kohina, ya hau rumbu saboda kai, ya ɓata da ni saboda kai. Ka yi kewar shi ko ba ka yi ba?"

Ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam Ilu. Ni ba na kewa irin wadda mutum yake yi. Amma daga muryarka, kai kana yi."

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

Sai ga hawaye, waɗanda ban yi ba a wurin wanka, ban yi ba a maƙabarta. Na zauna a kan turmi ina kuka kamar yaro, abin yana ba ni haƙuri da ladabinsa na banza. Duk tsawon lokacin nan ina kokawa da shi a kan Tsahiru, ina so a bar mani shi ni kaɗai. To ga shi an bar mani. Ko kaɗan bai ɗauka ba a cikin rashin, duka nawa ne.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Tsahiru, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba Hajo da ƴaƴansa haƙuri. Ka sa Aljanna ce makomarsa. Idan kuma tawa ta zo, ka sa in cika da imani, ka ajiye mani wuri kusa da shi, kada wani ya riga ni zama. Amin.